Harafi a Kan Allo, Harafi a Kan Ƙyalle: Tarken Alamtarwar Rubutu Mai Tsarki a Zanen Zamani

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya saba kallon finafinan Indiya, kuma masu wannan sabo ba kaɗan ba ne a Jimeta da Yola, ya sha ganin wata alama a saman ƙofar gida ko a bangon wurin bauta ko a goshin mota. Ta yi kama da lamba 3 mai wutsiya, da ɗan jinjirin wata da ɗigo a samanta. Sunanta Om. Yawancinmu ado muke ɗaukar ta. Haka shi ma Ba'indiyen da zai sauka a tashar Jambutu, ya ga haruffan Larabci a goshin tirela, ado zai ɗauke su. Kowannenmu ya ga siffar, amma nauyin da take ɗauke da shi a zuciyar mai ita ya wuce shi.

Mai karatu na iya tambayar abin da ya haɗa malamin adabi da fenti. Amsar tana cikin kayan aikinmu. A cikin dabarun jawo hankali da Abdulƙadir Ɗangambo ya tsara wa masu feɗe waƙa akwai zayyana, akwai kuma alamtarwa. Kalmar zayyana kuwa, kafin ta shigo ajin adabi, sunan adon da ake yi wa allon sauka ne da shafukan Alƙur'ani. Ke nan idan muka waiwayi zane da waɗannan kalmomi, gida muka mayar da su.

Wannan maƙala za ta dubi yadda masu zanen zamani ke ɗauko rubutu mai tsarki su ɗora a kan ƙyalle, daga Indiya zuwa Sudan zuwa nan gida Adamawa. Ra'ayinmu shi ne harafi yana samun nauyinsa ne daga aikin da al'umma take yi da shi, don haka mai zanen da bai san wannan aiki ba zai iya kwaikwayon siffar harafin, amma ba zai iya sa shi magana ba. Kwatancin da za mu yi da Indiya na dabarar fasaha ne kawai, domin aƙida kowa da tasa.

2.0 Om da Bindu a Hannun Masu Zanen Indiya

A wurin mabiya addinin Hindu, Om sauti ne kafin ya zama rubutu. Ɗaya daga cikin tsofaffin littattafansu, Mandukya Upanishad, ya kasa shi zuwa sautuka uku, wato a da u da m, ya danganta su da halin farke da halin mafarki da halin barci mai nauyi, sa'annan ya ƙara da shirun da ke biyo bayan sautin a matsayin hali na huɗu. Da shi suke buɗe addu'o'insu. Akwai kuma abin da suke kira yantra, wani zane na da'irori da siffofi masu kusurwa uku da ake zuba wa ido lokacin tattara hankali. Mafi shahara a cikinsu, Sri Yantra, siffofi 9 ne masu kusurwa uku da suka sarƙe da juna, a tsakiyarsu kuma akwai ɗigo guda da ake kira bindu, wanda suke ɗauka a matsayin mafarin halitta. Abin lura shi ne waɗannan alamomi kayan aiki ne. Ana furta su, ana zuba musu ido, wasu ma ana share su bayan an gama. A kudancin Indiya mata kan zana ado da garin shinkafa a ƙofar gida da sassafe, ƙafafu da iska su share shi kafin dare, gobe a sake.

Daga shekarun 1960 wasu masu zanen Indiya, waɗanda suka ƙoshi da kwaikwayon Turai, suka juyo kan wannan gado. K. C. S. Paniker (1911–1977) na birnin Madras ya fara jerin zane-zanen da ya kira Kalmomi da Alamomi a 1963. Yakan cika ƙyalle da rubutun Malayalam da jadawalin taurari da alƙaluman lissafi, kamar shafin tsohon kundin masu duba. Yawancin rubutun ba don a karanta aka yi shi ba. Paniker ya ɗauki kamannin ilimi mai asiri, ya bar asirin kansa a inda yake.

Wanda ya fi jan hankalinmu shi ne Sayed Haider Raza (1922–2016), domin Musulmi ne. An haife shi a tsakiyar Indiya, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu zanen zamani ta Bombai a 1947, ya tafi Faransa a 1950, ya zauna can kusan shekara 60. Ya sha ba da labarin cewa yana yaro a makarantar ƙauye, hankalinsa ba ya tsayawa wuri guda, sai malaminsa ya yi ɗigo a bango ya ce ya zauna ya zuba masa ido. Wajen 1980 wannan ɗigo ya dawo masa a matsayin baƙar da'ira a tsakiyar ƙyalle, launuka suna fita daga gare ta. A ƙasan wasu zane-zanen yakan rubuta baitoci da haruffan Dewanagari. Zanensa mai suna Saurashtra na 1983 an sayar da shi a Landan a 2010 a kan fam miliyan 2 da ɗoriya. Haka kuma Ghulam Rasool Santosh (1929–1997), Musulmi daga Kashmir, ya shafe shekaru yana karanta littattafan Tantra yana gina zanensa a kansu.

Ƙarfin bindun Raza, a ganinmu, daga wannan bango na makarantar ƙauye ya fito. Ɗigon ya yi masa aiki tun yana yaro, ya tsayar masa da hankali, shi ya sa da ya zana shi yana dattijo ɗigon ke tsayar da hankalin mai kallo. Dubban masu kwaikwayonsa sun yi baƙar da'ira a tsakiyar ƙyalle, ta tashi a da'ira kawai. Ya kamata kuma a tuna cewa taɓa alamar addini ba wasa ba ne ko a can. Abokin tafiyar Raza, M. F. Husain, ya shiga ƙararraki da barazana daga 1996 saboda yadda ya zana wasu ababen bautar Hindu, ya bar ƙasar a 2006, ya rasu a Landan a 2011 bai koma ba.

3.0 Gadon Harafi a Yola

Yola gari ne da malami ya kafa. Kalmar Modibbo kanta malami take nufi da Fulatanci, kuma Modibbo Adama, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa garin a 1841 bayan zama a Gurin da Ribadu. Malamai irin su Modibbo Raji sun taso daga ƙasar Gwandu sun zauna a nan, sun bar littattafai da waƙoƙi. Tarin littattafan hannu na gidan Modibbo Ahmadu Fufore shaida ne kan yawan abin da aka rubuta aka kuma kwafa a wannan yanki, da Larabci da ajamin Fulatanci. Jimeta kuwa, da ta bunƙasa a bakin Binuwai a matsayin tashar jiragen ruwa da kasuwa da mazaunin ma'aikata, ta tara Hausawa da Barebari da Bwatiye da Chamba da Kilba da Margi da sauran jama'a, Musulmi da Kirista. Mai zane a nan yana da gado mai zurfi a bayansa, da masu kallo iri-iri a gabansa.

Wannan gado ya nuna mana harafi a matsayi uku. Na farko shi ne harafin karatu. Yaron da aka kai makarantar allo, wadda Fulani ke kira janngirde, da hoto yake fara sanin babbaƙu. Ana gaya masa wannan an baki wofi ne, domin bakinsa a buɗe yake. Wannan ɗa mai hannu ne, domin ya ɗaga hannu sama. Wannan ha mai ruwa ne, domin ɗigon da ke kansa. Akwai mim jaye da mim ara, akwai ha kuri da ta kuri. Malaman da suka raɗa waɗannan sunaye sun riga Ɗangambo yin mutuntarwa, sun ba harafi baki da hannu. Rubutun kuma irin namu ne na ƙasashen Sudan ta Tsakiya, mai kauri da nauyi, wanda ya samo asali daga na Magariba, inda fa ke da ɗigo a ƙasa, ƙaf ke da ɗigo guda a sama, ana karanta shi da ruwayar Warshu.

Na biyu shi ne harafin asiri, wanda ake zubawa cikin hatimi. A ilimin hisabi kowane harafi yana da adadi, sai a jera adadin cikin gidaje yadda kowane layi zai ba da jimla guda, kamar hatimi mai gida 9 da kowane layinsa ke tashi 15. Wannan fanni ba baƙo ba ne a wurinmu. Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, mutumin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan hanyoyin tsara irin waɗannan gidaje, har masana tarihin lissafi suna ambatonsa. Malamai sun daɗe suna saɓani kan halaccin laya da hatimi, kuma saɓanin ya ƙara zafi bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978. Ba aikinmu ba ne mu raba wannan gardama. Abin da ya shafe mu shi ne ko masu yi da masu hani sun haɗu a kan abu guda, cewa harafin ba abin wasa ba ne. Shehu da kansa, a Nurul Albab, ya yi kakkausan hani ga rubuta ayoyi da sunayen Allah a kan abubuwa masu ƙazanta.

Na uku shi ne harafin zayyana. Idan ɗalibi ya sauke Alƙur'ani, sai a sa gwanin zayyana ya ƙawata masa allo da jar tawada da ruwan ɗorawa da kore da baƙi, a yi gidaje da igiyoyi masu sarƙewa, a bar fili a tsakiya don rubutun da zai karanta ranar walima. Irin wannan ado ake yi a kan rubu'in Alƙur'anin hannu, da kuri da kumsa masu nuna ƙarshen ayoyi, da da'irorin da ke gefen shafi masu nuna hizifi da sumuni. Salah Hassan, masani ɗan Sudan, ya fitar da littafi a 1992 kan wannan fasaha ta malaman ƙasar Hausa, kuma kafin shi David Heathcote ya baje kolin kayan fasahar Hausawa a Landan a 1976. Baƙi sun gane cewa wannan zane ne cikakke tun muna ɗaukar sa kayan makarantar allo kawai.

A nan ne muke son mai karatu ya tsaya. Tawadar allo wankuwa take yi. Yaro ya rubuta, ya biya har ya haddace, ya wanke allon a wuri mai tsabta, rubutun ya koma ƙirjinsa. Idan rubutun sha ne, cikin mutum yake komawa. Idan laya ce, a naɗe take cikin fata, ido ba ya ganinta. Rubutu guda ne ake bari a fili a rataye a bango, shi ne allon zayyana, kuma ba a samun sa sai bayan shekarun karatu da sanyin asuba da hayaƙin wutar kiskali. Al'adarmu ta tanadi makomar kowane harafi tun kafin a rubuta shi. Fenti kuwa ba ya wankuwa, kuma ƙyallen zane na wanda ya biya kuɗi ne, ya kai shi inda ya ga dama.

4.0 Darasin Ibrahim El-Salahi da Allunan Victor Ekpuk

Mutumin da ya fi kowa fuskantar wannan matsala a Afirka shi ne Ibrahim El-Salahi, wanda aka haifa a Umdurman a 1930. Mahaifinsa malamin makarantar allo ne, a gabansa ya koyi riƙe alƙalami. Ya yi karatun zane a Landan a tsakiyar shekarun 1950, ya dawo Hartum ya baje kolin ayyukansa irin na Turai, mutanen gari suka zo buɗewa, ba su sake waiwayowa ba. Wannan ya sa ya koma ga abin da idon jama'arsa ya saba da shi. Da farko kalmomi yake rubutawa a gefen zane. Daga baya sai ya fara warware harafin kansa, ya ja wuyan wannan, ya buɗe cikin wancan, har fuskoki da tsuntsaye da jinjirin wata suka riƙa fitowa daga tsakanin layukan. An nuna ayyukansa a Mbari da ke Ibadan a farkon shekarun 1960, kuma a 2013 gidan Tate Modern na Landan ya yi masa babban baje koli.

Zanensa na 1964 da ya kira Sautin Ƙarshe ya yi shi ne bayan rasuwar mahaifinsa. Launinsa na ƙasa ne, a tsakiya akwai wata siffa mai kama da fuska, daga gare ta layuka da da'irori suke bazuwa kamar yadda sauti ke bazuwa. Jigonsa addu'ar da ake yi a kan mai barin duniya ce. Bai rubuto addu'ar ya rataya ba, amma duk wanda ya taɓa zama a gefen mai jinya ana laƙƙana masa kalmar shahada zai gane abin da yake kallo. Wannan ita ce alamtarwa ta ainihi, irin wadda muke nema a waƙa: a kawo abu kaɗan ya ɗauko abu mai yawa. El-Salahi ya iya warware harafi ne domin ya san yadda aka ɗaura shi, kuma ya sha faɗa cewa yakan yi salla kafin ya fara aiki.

A nan gida Nijeriya labarin ya bi wata hanya. Ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, sun yi kira da a haɗa dabarar Turai da gadon gida. Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, har ya zama mazhaba guda a jami'ar Nsukka daga 1970. A Zariya aka yi wannan tunani, a tsakiyar makarantun allo da gidaje masu zanen soro, amma zayyana ba ta sami wanda ya tsaya mata kamar yadda Okeke ya tsaya wa uli ba.

Wanda ya ɗauki allon ya kai shi zaurukan baje koli na duniya shi ne Victor Ekpuk, haifaffen 1964 daga Akwa Ibom, wanda ya yi karatu a Ife, ya yi aikin zane a jaridar Daily Times. A wani jerin ayyukansa ya yi amfani da allunan katako irin na makarantar allo, ya cika su da alamomin nsibidi, tsohon rubutun asiri na ƙungiyar Ekpe a kudu maso gabas, da wasu alamomin da ya ƙirƙira da kansa. Babu aya a kansu. Manufarsa ita ce ya haɗa al'adun rubutu biyu na Afirka a jiki guda, kuma a ido aikin yana da kyau da tsari. Sai dai ɗan Yola da ya ga wannan siffa mai kafaɗu da marfin riƙo a sama ba zai iya kallonta kamar ɗan Washinton ba. Shi allo ne a wurinsa, kuma hannunsa zai so ya yi alwala kafin ya taɓa. Malami zai ce katako ne kawai matuƙar ba a rubuta masa aya ba, kuma gaskiyarsa. Amma alamtarwa ba ta tsayawa inda hukunci ya tsaya. Mun ga haka a kan kuɗinmu: ajamin da ke jikin naira adadin kuɗin kawai yake faɗa da Hausa, amma da aka cire shi daga ƙananan takardu a 2007, aka kuma cire shi daga naira 100 a 2014, masu murna da masu baƙin ciki duk addini suka gani a cikinsa.

5.0 Zane Uku a Wani Shago a Jimeta

Kwanakin baya mun shiga shagon wani saurayi mai rubuta allunan talla a Jimeta, don a yi mana allon sanarwa. Ya yi karatun zane a kwalejin ilimi, kuma a bayan shagon yana da ayyukan kansa da yake yi idan ciniki ya lafa. Da ya ji aikinmu, sai ya ce, “Malam, don Allah a duba mini waɗannan, a gaya mini gaskiya.” Ya jingina guda uku a bango.

Na farko sunan Allah ne da ruwan zinariya a kan baƙi, da salon rubutun sulusi irin na Turkiyya, wanda ya kwafo daga wayarsa. Hannunsa ya faɗa, layukan sun fita sumul. Shi ne kuma ya ce ya fi samun masu saye. Ba mu da abin zargi a kansa ta fuskar ladabi, amma ta fuskar fasaha kwafi ne, kuma irinsa na cike da shagunan kasuwar Jimeta cikin firem, an yo odarsu daga Dubai da Sin, sun fi nasa ƙyalli da araha. Sulusi yana da ƙa'idojin awo da ake shekaru ana koyo a gaban malami har a ba da ijaza. Wanda ya ɗauko shi daga waya ya sami fatar ne kawai, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Na biyu shi ne wanda ya fi alfahari da shi. Ya ɗauko wata aya ya wargaza haruffanta, ya watsa su cikin ja da shuɗi da ruwan lemo, wasu a kife, wasu sun hau kan wasu. Ya ce ya ga Larabawan zamani suna yin haka. Muka tambaye shi dalilin da ya sa wannan harafi ya kife, wancan ya miƙe, ya ce don ya cike gurbi ne. A nan muka gaya masa cewa aikin ya faɗi ta fuska biyu. Ta fuskar fasaha, babu abin da wargazawar ta ƙara wa ma'ana. Da zai musanya haruffan da ganyaye ko duwatsu, zanen ba zai sauya ba. Ta fuskar ladabi, ya ɗauko abin da gardawa ke kwana suna tsare wa kowane wasali, ya mayar da shi kayan cike gurbi. Sa'annan muka tambaye shi inda zanen zai kwana bayan shekara 20, idan mai shi ya rasu, magada suka share ɗaki. Duk mun ga yadda tsohuwar kalanda mai ayoyi ke ƙarewa a hannun mai ƙosai. Ya yi shiru.

Na uku bai gama shi ba, kuma da ƙyar ya yarda ya fito da shi. Launinsa na jar ƙasa ne da toka, kamar bakin Binuwai da rani. A tsakiya kalma guda ce da ajami, munyal, wato haƙuri da Fulatanci, ɗaya daga cikin ginshiƙan pulaku. Ya ce daga wata tsohuwar wasiƙa ta kakansa ya ɗauko siffar rubutun, mai kauri irin na alƙalamin gamba. Mim ɗin farko ya dunƙule kamar mutum a tsugune, lam ɗin ƙarshe kuwa ya ja wutsiyarsa har ta fice daga gefen ƙyallen, tana sirancewa kamar ruwan kogi a watan bazara. A gefe ya fara jera gidajen zayyana, ya bar wasu babu launi. Muka ce masa, “Samari, wannan shi ne naka, sauran biyun na wasu ne.”

Dalilanmu su ne waɗannan. Siffar harafin ta yi aikin ma'anar kalmar, domin haƙuri tsuguno ne da jan lokaci, kuma ido yana ganin haka ko bai iya karanta ajami ba. Maƙwabcinsa Kirista daga Numan zai ga kogi da rani, ya gane. Na biyu, ajami ya ba shi 'yancin da aya ba za ta ba shi ba. Harafin yana ɗauke da ƙamshin makarantar allo da kwarjininta, amma kalmar tamu ce ta yau da kullum, yana iya ja ya lanƙwasa yadda ya so ba tare da ya taɓa alfarmar Littafi ba. Na uku, rubutun na gidansu ne. Kamar ɗigon Raza da allon mahaifin El-Salahi, ya riga ya yi aiki a rayuwarsa kafin ya hau ƙyalle.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa masu zanen da suka yi nasara da rubutu mai tsarki, a Indiya ko a Sudan, sun rayu da alamar kafin su zana ta, kuma sun san iyakar da suka tsaya. Paniker ya ɗauki kamannin kundi ya bar abin da ke ciki, Raza ya ɗauki ɗigo guda ya shekara 30 a kansa, El-Salahi ya zana amon addu'a ya bar lafazinta. Mai zanen Yola da Jimeta yana da abin da ya fi ƙarfin aro: rubutun kakanninsa mai kauri, da gidajen zayyana, da sunayen babbaƙu masu baki da hannu, da zanen ƙwarya na matan Adamawa wanda T. J. H. Chappel ya yi littafi a kansa a 1977, da ajami na Hausa da Fulatanci da ke jiran mai ɗauka.

Shawararmu ga sassan koyar da zane a kwalejoji da jami'o'inmu ita ce su gayyato gwanayen zayyana da alarammomi marubuta su koyar, a biya su kamar kowane malami, tun kafin injin buga takarda ya ƙarasa raba su da sana'ar. Ga ɗaliban Hausa kuma, musamman masu rubuta waƙa a wannan mujalla, muna cewa ma'aunin guda ne. Yawan cusa kalmomin Larabci da sunayen waliyyai a baiti ba ya sa waƙa ta yi nauyi, kamar yadda watsa haruffa a ƙyalle bai sa zanen saurayin nan na biyu ya yi nauyi ba. Duk wanda zai ɗauko alama mai tsarki ya tambayi kansa aikin da ta taɓa yi masa, da inda za ta kwana bayan ta bar hannunsa. Muna kuma fatan wani daga cikin ɗalibanmu zai ɗauki littafin rubutu ya zaga unguwannin Yola, ya tattaro sunayen gidajen zayyana da na babbaƙu da Fulatanci daga bakin masu su, ya kawo mana a fitowa ta gaba.